Tambayoyi da amsoshi kan wuraren yawo a birnin Niyok: gadoji, lambuna da bakin ruwa

Kusan duk baƙon da ya sauka Niyok, ko ɗan taro ne ko ɗalibi ko wanda ya zo ganin 'yan uwa a Bronx, tambayoyinsa iri ɗaya ne, shi ya sa na tara su wuri guda. Ba maganar biza a nan, wannan na wanda ya riga ya iso ne yana son ya ga gari ba tare da aljihunsa ya yi kuka ba.

Wai Niyok ɗin tsibiri ne ko yaya?

Tsibirai ne ma. Birnin ya kasu gida biyar, Manhattan da Brooklyn da Queens da Bronx da Staten Island, kuma a cikinsu Bronx ce kaɗai ke manne da ƙasar Amurka, sauran duk ruwa ya zagaye su. Manhattan, inda dogayen benen nan suke, kogin Hudson ne a yammacinta, East River a gabas, shi kuma East River ɗin sunan kogi kawai ya ci, ruwan gishiri ne na teku da ke shiga yana fita. To da zarar ka gane haka ka gane garin: abin kallonsa na gaske yana kan gada ne da bakin ruwa, kuma yawancinsa ko sisi ba a biya.

Mutum-mutumin 'yanci fa, dole sai na biya kafin na gan shi?

A'a. Ka je ƙarshen kudancin Manhattan, tashar Whitehall, ka shiga jirgin fito na Staten Island, wani ƙaton jirgi ne ruwan lemo, kyauta ne tun 1997 kuma dare da rana yake aiki. Tafiyar kamar minti 25 ce. Idan kun tashi ka tsaya ta hannun dama, a waje ba cikin kujeru ba, zai wuce da kai ta gaban mutum-mutumin ka yi hotonka son ranka, ga benayen Manhattan suna ƙanƙancewa a bayanka. In an isa St. George, tashar da ke Staten Island, kowa sai ya sauka, ka zagaya ka shiga na komawa. Ma'aikatan da ke hawansa kullum ko ɗaga kai ba sa yi, kowa na kan wayarsa da kofin kofi a hannu, baƙi ne kawai ke rububin bakin ƙarfe.

Amma fa hattara, a wajen tashar da cikin lambun Battery akwai masu riguna kamar na ma'aikata, riƙe da takardu, za su tare ka su ce wai tikiti ya ƙare ko layin awa uku ne ka zo su sa ka a wani jirgi. Kar ka tsaya. Har jirgin da yake kyauta ana sayar wa baƙi tikitinsa, wallahi.

In kuma ina son na taka tsibirin da mutum-mutumin yake da ƙafata?

Sai ka sayi tikitin kamfanin Statue City Cruises, shi kaɗai ne ke da izinin sauke mutane a can, ko ta intanet ko a tsohuwar ganuwar Castle Clinton da ke cikin Battery. Akwai bincike irin na filin jirgi, don haka kar ka ɗauko ƙaton jaka. Mutum-mutumin kyauta ce daga Faransa, an ƙaddamar da shi a 1886, Bartholdi ne ya zana shi, ƙarafan da ke riƙe da shi daga ciki kuma aikin Gustave Eiffel ne, mai hasumiyar nan ta Faris. Daga ƙasa zuwa fitilar hannu mita 93 ne. Asalinsa ba kore ba ne, jan ƙarfe ne, iska da ruwan sama ne suka rine shi a hankali har ya koma yadda kake gani. Ana hawa har cikin kambin da ke kansa amma tikitin wannan sai an kama tun da watanni, kuma matakala 162 ce siririya mai murɗewa daga saman dakalin, ba lifta, mai ciwon gwiwa ya haƙura. Fitilar ita kam a rufe take tun 1916.

Tikitin ya haɗa da tsibirin Ellis, kuma ni a ganina can ya fi. Nan ne aka tantance baƙi masu ƙaura zuwa Amurka sama da miliyan 12 tsakanin 1892 da 1954, yawancinsu talakawan Turai da ƙunshin kayansu, likita ya duba mutum a tsaye cikin 'yan daƙiƙu, in ya ga alamar ciwo ya shafa masa alli a riga. Duk wanda ya taɓa tsayawa layin shige da fice gabansa na faɗuwa zai ji wannan zauren a jikinsa.

Gadar Brooklyn, me ya sa ake ta zuzuta ta? Ba gada ba ce kawai?

Gada ce, amma ka fara takawa tukuna. An buɗe ta ranar 24 ga Mayu 1883 bayan shekara 14 ana aiki, kuma a lokacin babu gadar da ke rataye da igiyar ƙarfe da ta kai ta tsawo a duniya, tsakanin hasumiyoyinta biyu kaɗai mita 486 ne. Labarin gininta ya fi ginin ma. Injiniyan da ya tsara ta, John Roebling, bai ga ko tubalin farko ba, jirgin fito ya matse masa ƙafa yana cikin awo a 1869, aka yanke yatsu, ciwon ya ci shi ya mutu. Ɗansa Washington ya karɓa, shi kuma aikin haƙa ginshiƙi a ƙarƙashin ruwa ya nakasa shi, don ana tura ma'aikata cikin wasu manyan akwatuna da aka cika da iska mai matsi, in mutum ya fito da sauri sai jiki ya rikice, wasu sun mutu ta haka. Sai ya koma kwance a ɗaki yana hangen aikin ta taga, matarsa Emily ce ta koyi lissafin, ta riƙa kai umarni tana kawo rahoto tana fama da 'yan kwangila da 'yan siyasa fiye da shekara goma, kuma ita ce ta fara tsallaka gadar da aka gama. Akwai allo a jikin hasumiyar ɓangaren Brooklyn da sunanta a kai, mutane na wucewa ba sa karantawa.

Kwana shida da buɗewa aka yi turmutsutsu a kai saboda tsoron wai za ta rufta, mutum 12 suka rasu. Shekara ta zagayo, wani mai wasan dabbobi, Barnum, ya kora giwaye 21 suka tsallaka, daga nan hankalin jama'a ya kwanta.

Hanyar masu ƙafa tana sama da ta motoci, katako ne, kana jin motoci na gurnani a ƙarƙashinka kana leƙensu ta tsakanin allunan. Tsawon duka kusan kilomita 1.8, rabin awa zuwa minti 45 in kana tsayawa hoto. Shawarata ka hau jirgin ƙasa ka tsallaka Brooklyn tukuna sannan ka tako zuwa Manhattan, don benayen su kasance a gabanka ba a ƙeyarka ba. Kuma ka je da sassafe, bayan asuba kaɗan. Da rana cunkoso ne. Masu keke an mayar da su ƙasa tun 2021, masu talla kuma an kore su daga kai a farkon 2024, don haka ka riƙe ruwanka, kuma ba bayi a kan gadar.

Hoton nan da kowa ke sawa, gada a tsakanin jajayen gidaje biyu, ita ce?

Ba ita ba ce, wannan gadar Manhattan ce ta 1909, maƙwabciyarta. Wurin hoton titin Washington ne a unguwar Dumbo ta Brooklyn. Motoci na bi ta wurin, a kula. In ka gama ka gangara bakin ruwa, lambun Brooklyn Bridge Park, tsoffin wuraren sauke kaya ne aka mayar filin ciyawa da na ƙwallo, nan ne wurin zama da yamma a ga fitilun Manhattan na kamawa.

Akwai wasu gadojin da suka cancanci zuwa?

Ga mutanenmu na Bronx akwai High Bridge, ita ce mafi tsufa a birnin, 1848, asali ma ruwan sha take ɗaukowa zuwa Manhattan. Ta yi shekaru fiye da 40 a rufe sai 2015 aka sake buɗe ta ga masu ƙafa, shiru, ba 'yan yawon buɗe ido. Gadar George Washington ta 1931 ita ke haɗa Manhattan da jihar New Jersey, hawa biyu ce, layin mota 14, ana takawa amma ƙara ta yi yawa. Gadar Verrazzano ta 1964 da ke haɗa Brooklyn da Staten Island mota kaɗai, sai irin ranar gudun fanfalaki na watan Nuwamba da ake farawa daga kanta. Sannan akwai motar da ke tafiya a rataye jikin waya zuwa tsibirin Roosevelt, kuɗinta ɗaya da na jirgin ƙarƙashin ƙasa, wajen dala 3, tana bi ta gefen gadar Queensboro a sama. Yara na sonta sosai.

Central Park daji ne na asali da aka bari?

Ko kaɗan. Da hannu aka yi shi, tafkunan haƙa su aka yi, bishiyoyin dasawa aka yi, duwatsun ne kawai 'yan asali. Olmsted da Vaux ne suka ci gasar zanensa a 1858. Girmansa eka 843, daga titi na 59 har na 110, wato tsawon kilomita 4 faɗin mita 800, saboda haka kar ka ce za ka gama shi a yini ɗaya da takalmin fita unguwa. Kudancinsa ne ke da cunkoso, masu keken doki da masu keken turawa, kuma su masu keken nan da minti suke caji, ka tambayi kuɗi ka ji da kunnenka kafin ka hau, mutane da yawa sun sauka an miƙo musu lissafin da ya sa su salati. Arewacinsa wajen Harlem ya fi natsuwa, akwai tafkin Harlem Meer, tsofaffi na kamun kifi suna mayarwa. A bayan babban gidan tarihi na Met kuma akwai wani dogon dutse da aka sassaƙa a Masar shekaru kusan 3,500 da suka wuce, an kafa shi nan a 1881.

Abin da ba kowa ke faɗa ba shi ne akwai mutane a wurin kafin lambun. Ta yamma, tsakanin titi na 82 da na 89, akwai wani ƙauye Seneca Village da aka kafa a 1825, mutum kamar 225, yawancinsu baƙaƙen fata, da dama a cikinsu masu filin kansu, da coci uku da makaranta, a zamanin da mallakar fili ce ke ba baƙar fata damar jefa ƙuri'a a jihar. A 1857 hukuma ta karɓe filin ta tashe su. Yanzu alluna ne kawai a wurin suna bayani, ciyawa da kurege.

Ana rufe lambun daga ƙarfe 1 na dare zuwa 6 na safe. Shiga kyauta.

To High Line ɗin fa?

Tsohon layin dogo ne na sama da aka daina amfani da shi a 1980, har an so rushewa, mutanen unguwa suka tsaya kai da fata aka mayar da shi lambu, ɓangaren farko ya buɗe a 2009. Kilomita 2.3 ne, kana tafiya cikin furanni a saman tituna. Yana da kyau amma siriri ne, ranar Asabar sai dai ka bi sahun na gabanka. In lokacinka kaɗan ne ka tsallake shi ba ka yi asara ba.

Wane bene zan hau in ga gari daga sama?

Duk tsada ne, ka shirya sama da dala 40 kowane mutum, shi ya sa ɗaya ya isa. Empire State shi ne mai suna, hawa 102, an gama shi a 1931 cikin kwana 410 kacal, ana tsayawa a hawa na 86. One World Trade Center shi ne mafi tsawo, mita 541, wato ƙafa 1,776 daidai da shekarar da Amurka ta ayyana 'yancinta, amma ta bayan gilashi ake kallo. Ni dai Top of the Rock, wato saman benen Rockefeller Center, nake kai baƙi, saboda in kana kan Empire State ba ka ganin Empire State, a nan kuwa ga shi a gabanka ta kudu, ka juya arewa ga Central Park shimfiɗe. Ka duba sama kafin ka biya, ran da hazo ya sauko farin bango kawai za ka gani kuma kuɗinka ya tafi.

Wurin da aka kai harin 11 ga Satumba ana shiga?

Ana shiga, filin tunawar kyauta ne, gidan tarihin da ke ƙarƙashinsa ne ake biya. Manyan ramuka biyu ne daidai inda tagwayen benen suka tsaya, ruwa na zuba ta kowane gefe yana ɓacewa a wani rami na tsakiya da ba ka ganin ƙarshensa. A gefe an huda sunayen mutum 2,977 da suka mutu a 2001 da mutum 6 na harin 1993 a jikin tagulla, kuma in ka bi a hankali za ka ci karo da sunayen Musulmi a ciki. Duk sunan da ka ga an soka masa farin fure, ranar haihuwar mai sunan ce. Don Allah ba wurin dariya da hoton yanga ba ne, akwai waɗanda danginsu ne a wurin.

Akwai wani abu da ya shafe mu 'yan Afirka kai tsaye?

Akwai, kuma 'yan mintuna ne da ƙafa daga bakin gadar Brooklyn ta ɓangaren Manhattan. A 1991 ana haƙa harsashin wani ginin gwamnati a lamba 290 titin Broadway aka tono ƙasusuwan mutum 419, ashe tsohuwar maƙabarta ce ta bayi da 'yantattun baƙaƙe ta ƙarni na 17 da na 18, an ƙiyasta mutum kusan 15,000 ke kwance a ƙarƙashin waɗannan ofisoshin. Baƙaƙen birnin suka tada ƙayar baya har aka tsayar da aiki, aka sake binne su da mutunci a 2003. Sunan wurin African Burial Ground, kyauta ne. Mutane na ɗauka bauta a kudancin Amurka kaɗai aka yi, alhali a jihar Niyok ba ta ƙare ba sai 1827.

Sai hedikwatar Majalisar Ɗinkin Duniya a bakin East River, inda Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi jawabi ranar 7 ga Oktoba 1960 da aka karɓi Najeriya. Joseph Garba ya shugabanci babban zauren a 1989, Tijjani Muhammad-Bande a 2019, ga Amina Mohammed da ta zama mataimakiyar babban sakatare a 2017. Ana zagayawa da baƙi amma sai ka yi rajista tun kafin ka je kuma ka riƙe fasfo, a watan Satumba lokacin taron shugabanni kuwa kar ma ka doshi unguwar, tituna a rufe suke. Gidan Najeriya na nan kusa a Second Avenue, kusurwar titi na 44 da aka sa wa sunan Kudirat Abiola.

Sallah da abinci fa in ina yawo?

Abinci ba matsala, kekunan halal suna kusan kowace kusurwa a tsakiyar Manhattan, shinkafa da kaza ko rago da farin miya a kai, jan yajin nasu dai a sa kaɗan, ba wasa yake ba. In kana kewar tuwo ko waken Gana ko dibi sai ka hau zuwa titi na 116 a Harlem ko ka wuce Bronx, can za ka ji ana Hausa a bakin shago, ta Kumasi da Akara da ta Yamai. Masallacin Malcolm Shabazz mai koren ƙubba yana kan 116 ɗin. Babban masallacin titi na 96 da Third Avenue, wanda aka buɗe a 1991, za ka ga ginin ya karkace bai bi layin titi ba, alƙibla aka bi. Matsalar ita ce alwala da bayi: bayin jama'a ƙalilan ne kuma ba buta, ka yi alwalarka daga gida ka sa robar ruwa da 'yar sallaya a jaka, ba wanda zai kalle ka in ka yi sallah a gefen ciyawa. Na lambun Bryant a titi na 42 ya fi tsafta, cikin jirgin Staten Island ma akwai. A watan Disamba magariba na yi wajen 4:30, azahar da la'asar kusan a manne suke, ka lissafa da wannan.

Times Square ya cancanci zuwa?

Sau ɗaya, da dare, minti 20. Allunan talla ne masu haske da cunkoso kamar Kantin Kwari a jajibirin sallah. Masu shigar 'yan katun za su rungumo ka a yi hoto sannan su miƙo hannu, wani kuma ya danƙa maka faifai ya ce kyauta sai ya nemi kuɗi. Hannunka a aljihu, ka ce a'a ka wuce.

Ana wanka a ruwan?

A kogunan a'a, igiyar ruwan East River na da ƙarfi sosai. Mai son teku ya hau jirgi zuwa Coney Island a ƙarshen Brooklyn, ga yashi ga hanyar katako ga lilon Wonder Wheel na 1920 da Cyclone na 1927 da har yau suke aiki, ko Orchard Beach in a Bronx kake. Daga ƙarshen Mayu zuwa farkon Satumba ne ake da masu ceto, in ba sa nan ba a shiga. Mai kunya ya san irin shigar da zai tarar a bakin teku da rani, kar ya ce ban faɗa ba.

Wane lokaci ya fi, kuma in yini ɗaya gare ni yaya zan yi?

Mayu da Yuni, ko ƙarshen Satumba zuwa Oktoba. Yuli da Agusta zafi ne mai gumi, Janairu da Fabrairu kuma iskar kan gada sai ta sa kunnenka ya daina ji, hular sanyi da safar hannu dole ne.

Yini ɗaya kuwa, ka fara da Dumbo da sassafe, ka tako gadar, ka leƙa maƙabartar 'yan Afirka in ranar a buɗe take, ka gangara filin 11 ga Satumba, daga nan Whitehall ka yi fito ka dawo, duk wannan da ƙafa ne. Sai ka ci abincin keke ka hau jirgi zuwa Central Park da la'asar. Kuɗin jirgin ƙarƙashin ƙasa da katin banki ko waya ake taɓawa a ƙofa. Ka dai duba allo kafin ka gangara, Uptown arewa ne wajen Harlem da Bronx, Downtown kudu ne wajen Battery da Brooklyn, don a wasu ƙananan tashoshin in ka shiga ta ɓangaren da ba naka ba sai ka fito ka tsallaka titi ka sake biya.